'YAN AIKEN DA KE CIKIN JININKI: Daga Lissafin Haila Zuwa Ƙasusuwan 'Yan Matan Tungar Guru

 

A ajin matan aure da nake koyarwa a Islamiyya, duk ranar da karatu ya kawo mu babin haila, ajin kan cika maƙil, har waɗanda suka kwana biyu ba su leƙo ba sai ki gan su a sahun gaba. Ranar nan bayan an tashi, wata amarya ta tsaya tana ta gyaran jaka har kowa ya watse. 'Yar Tungar Guru ce, ta ƙaramar hukumar Bukkuyum, aure ne ya kawo ta garinmu, kuma ba ta kai shekara ashirin ba.

Ta ce, "Malama, ni fa lissafina ya rikice. Wani watan jinin ya zo sau biyu, wani lokacin in yi wata biyu ban gan shi ba. Tun da na yi ɓari nake haka. Inna ta ce iska ce, an karɓo mini hayaƙi. To sallata fa?"

Na ba ta hukuncin kamar yadda muka karanta a Ahalari: mai al'ada tana ƙara kwana uku a kan mafi tsawon kwanakinta matuƙar ba za ta wuce sha biyar ba, daga nan ta yi wanka ta ci gaba da sallah, kuma tsarkin da ke raba haila biyu ba ya gaza kwana goma sha biyar. Ta gyaɗa kai. Amma da na koma gida abin ya tsaya mini a rai, domin na amsa mata tambayar sallah, na bar tambayar jiki, alhali ita ma amana ce. Wannan ne ya sa na kakkaɓe littattafaina na kwalejin ilimi ta mata da ke Gusau, na ce bari wannan watan mu tattauna a kan abin da ke juya jinin nan da muke ta lissafi.

SU WANE NE 'YAN AIKEN?

'Yar'uwa, ki ɗauki jikinki kamar babban gida mai sassa da yawa. Uwargida ba ta zagaya kowane sashe da ƙafarta, yara take aika. To haka Allah Ya tsara jiki: akwai wasu ƙananan gaɓoɓi da ke zuba sinadarai cikin jini, jinin ya kwashe su ya kai saƙo inda aka aike su. Sunan waɗannan sinadarai a bakin likitoci homon. Wani masani ɗan Ingila, Ernest Starling, shi ya raɗa musu sunan a shekarar 1905. Abin mamaki, ɗan mitsitsi ne ke isar da saƙon, kuma ko da yake jini na kai shi ko'ina, gaɓar da aka aike shi gare ta ce kaɗai ke buɗe masa ƙofa.

Babbar mai aiken ita ce wata 'yar tsoka da ke ƙarƙashin ƙwaƙwalwa, girmanta bai wuce ƙwayar wake ba, ana kiranta fituwitari. Ita ma kuwa tana karɓar umarni ne daga wani sashe na ƙwaƙwalwa da ke samanta. Riƙe wannan da kyau, don shi ne dalilin da ya sa tashin hankali ke taɓa al'ada. Matan da suka kwana a daji suna gudun 'yan bindiga, ko aka yi musu rasuwa, ko yunwa ta ramar da su, da yawa sukan ga jininsu ya ɗauke ko ya jirkice. Ba shafar aljanu ba ce, ƙwaƙwalwa ce ta ga ba lokacin ɗaukar ciki ba ne, ta dakatar da aike.

YADDA WATAN KE TAFIYA

Ranar farko da kika ga jini ita ce ranar ɗaya. A kwanakin nan fituwitari kan aika saƙo zuwa gidajen ƙwai guda biyu da ke gefen mahaifa, cewa a fara renon ƙwai. Sai 'yan ƙwayaye su fara girma, kowanne cikin 'yar jakarsa, daga ƙarshe ɗaya ya yi wa sauran fintinkau. Jakar tasa tana fitar da sinadarin istirojin, shi kuma aikinsa shimfiɗa: yana kauraro bangon cikin mahaifa, kamar yadda ake gyara ɗaki in ana jiran baƙo. Shi ne kuma ke kawo farin ruwan nan mai yauƙi kamar kuɓewa da kike gani a tsakiyar tsarki, wanda mata da yawa ke ɗauka ciwon sanyi ne su yi ta shan magani. In ba ya wari, ba ya ƙaiƙayi, lafiya ce, alama ce ƙwai ya kusa fita.

Idan istirojin ya kai ƙololuwa, sai fituwitari ta saki wani saƙon da ƙarfi, jakar ta fashe, ƙwai ya fito ya kama hanyar mahaifa. Kwana ɗaya kacal yake da shi a raye, amma maniyyi kan iya jira har kwana biyar. Jakar da ya bari ba ta zama banza ba, sai ta koma fitar da sinadari na biyu, furojestaron, mai riƙe shimfiɗar nan kada ta zame. Shi ne ke sa nono ya yi nauyi, jiki ya ɗan yi ɗumi, ciki ya kumbura, wata ma ta riƙa faɗa da maigida a kan abin da bai kai ya kawo ba. In an samu rabo, ɗan tayin zai aiko da nasa saƙon cewa a ci gaba da riƙo, kuma wannan saƙon ne tsinken gwajin ciki ke ganowa a fitsari. In ba a samu ba, bayan kamar mako biyu jakar ta bushe, furojestaron ya faɗi, shimfiɗar ta saki. Jinin haila ke nan.

Kin ga ke nan haila ba dattin da ya taru a jiki ba ne kamar yadda muka taso muna ji. Shimfiɗar baƙo ce aka naɗe don bai zo ba. Kuma daga farkon wannan haila zuwa farkon waccan, kwana 21 zuwa 35 duk daidai ne, ba dole sai 28 ba.

To ina rikicewa ke shigowa? Galibi daga watan da ƙwai bai fita ba. In bai fita ba babu furojestaron, sai istirojin ya yi ta tara shimfiɗa ba mai tsawata masa, ta yi kauri har ta fara zubewa da kanta, yau ɗigo, gobe kwarara, babu ranar farawa babu ta gamawa. Wannan ya fi yawa ga yarinyar da ta fara al'ada, da matar da ta haura arba'in tana dosar ɗaukewar jini, da wadda ta yi ɓari ko take fita daga shayarwa. Akwai kuma matan da ƙwansu ke yawan ƙin fita, sai ki ga al'ada na tsallake watanni, ga ƙuraje a fuska, ga gashi a haɓa, ga ƙiba, ga jinkirin haihuwa. Wannan lalura ce sananniya, ana magance ta a asibiti, kuma ba hannun kishiya a ciki.

A nan nake so mu tuna da Faɗimatu 'yar Abu Hubaish, Allah Ya yarda da ita, wadda jini ya ƙi ɗauke mata ta je ta tambayi Manzon Allah (SAW), ya bayyana mata cewa jinin jijiya ne, ba haila ba. Wato ya mayar da abin ga jiki. Mu kuwa yau mai istihala sai ta shekara tana zuba, ta yi fari fat, tana haki in ta ɗebo ruwa, an ba ta hukuncin sallah an sallame ta. Hukuncin daidai ne, amma bai hana neman magani ba. Haka nan malamanmu na Malikiyya sun yi bayanin hukuncin jinin da mai ciki ke gani. Ki bi hukuncin a sallarki, amma ki sani a wajen likita jini ga mai ciki alamar haɗari ce, ranar ake tafiya asibiti. Wadda kuma jini ya ɗauke mata shekara guda cur don girma, sannan ya dawo, ita ma kada ta zauna.

Wata 'yar magana a kan ƙwayoyin tsayar da haila da ake sha don azumi ko aikin Hajji: furojestaron ne na kanti, yana riƙe shimfiɗar har ki daina sha. Ba alewa ba ce da za ki karɓa a hannun maƙwabciya. Mai hawan jini, ko wadda jini ya taɓa daskare mata a ƙafa, ta fara ganin likita.

Shayarwa ma aiken fituwitari ce. Duk tsotson da jariri ya yi, tana sakin sinadari ɗaya mai haɗa nono, da wani mai matso shi, wanda kuma ke matse mahaifa, shi ya sa mai jego ke jin ciwon mara in ta sa yaro a nono. Mai haɗa nonon yana danne fitar ƙwai, shi ya sa jini ke jinkirin dawowa. Amma ƙwai na riga jini fitowa, don haka ake samun kwanika ba a ga al'ada ko sau ɗaya ba. Sannan ga wani abu da ya kamata ungozomomi su sani: matar da ta zubar da jini mai yawa wajen haihuwa, daga baya nono ya ƙi zuwa, al'ada ta ƙi dawowa, kullum kasala da jin sanyi, mai yiwuwa fituwitarin ce ta samu rauni saboda rashin jini. Ana gane shi, ana kuma ba da maganin da ke maye gurbin abin da ta rasa.

SUGA DA RUMBUN HANTA

Duk jinin jikin babban mutum, sugan da ke yawo a ciki bai fi cikin ƙaramin cokalin shayi ba. To ki duba tuwon dawa, da hoce, da furar da muke sha. Ina sauran ke tafiya? Bayan tumbi akwai wata gaɓa mai suna fankiriyas. Da abinci ya narke suga ya shiga jini, sai ta saki insulin, shi ne mabuɗin da ke buɗe ƙofofin tsoka suga ya shiga ya zama ƙarfi, rarar kuma a adana a hanta. In kina azumi, can wajen la'asar, sai ta saki abokin aikinsa gulukagon, ya je ya buɗe rumbun hanta a ɗebo. Da haka mai lafiya ke kai wa magariba.

Ciwon suga shi ne mabuɗin ya ɓace, ko kuma ƙofofin su yi tsatsa su ƙi buɗuwa. Na farko ya fi kama yara da matasa, kuma allurar insulin ce rayuwarsu. Kafin a gano ta a birnin Toronto na Kanada a 1921, irin waɗannan yara ba sa daɗewa. Na biyun shi ne ya fi yawa a cikinmu. Suga ya taru a jini, jiki na yunwa, ga ƙishirwa, ga fitsarin dare, ga rama, ga gyambon da ba ya warkewa. Ga mata kuma akwai ƙaiƙayin gaba mai tafiya yana dawowa, wanda shi ma sanyi muke ce masa. Awon da aka yi da safe kafin a karya, in ya kai 7.0, ko 126 a ɗaya ma'aunin, aka maimaita aka sake samu, to ciwon ne.

Mai ciki ta ƙara kula, don mabiyiya na fitar da sinadaran da ke dakushe insulin. Matar da ke haifar ƙattan jarirai masu wuce kilo 4, ana ta yaba mata, ko wadda ɗa ke mutuwa a cikinta dab da haihuwa, a auna mata suga. Mai ciwon da ke son yin azumi kuma ta je a daidaita mata magani tun cikin Sha'aban. In rana ta yi ta ji karkarwa da gumi da jiri, ko awo ya sauka ƙasa da 3.9, ta sha ruwa nan take. Allah Ya yi wa mara lafiya rangwame, ƙin karɓa ba tsoron Allah ba ne.

Ba zan wuce nan ba sai na yi ƙorafi a kan ƙwayar nan da ake kira sha-ka-fashe, wadda 'yan mata da amare ke sha don su yi ƙiba, da wasu mayukan bilicin. Da yawansu na ɗauke da kwafin wani sinadari da jiki ke fitarwa daga saman ƙoda a lokacin wahala. In ya yi yawa, fuska ta yi zagaye, ciki ya fito, ƙafafu su sirance, nankarwa ta tsattsaga fata, suga da jini su hau, al'ada ta rikice, ƙashi ya yi rauni. Wadda ta daɗe tana sha kuma kada ta yanke rana ɗaya, don gaɓar da ke yin na asali ta yi barci, sai likita ya janye mata a hankali. Shi kuwa maƙoƙo, gaɓar wuya ce mai saita saurin aikin jiki ke kumbura, sau da yawa don rashin sinadarin aidin. Tun 1993 Nijeriya ta wajabta sa shi a gishiri, sai ki riƙa sayen na leda mai hatimi, ki rufe shi.

ABIN DA ƘASHI YA ƁOYE

Yanzu bari mu koma ga amaryata, don garinsu ne ya fi tsaya mini a rai.

A watan Maris na 2010 ma'aikatan ƙungiyar likitoci ta MSF suka lura yara ƙanana na ta mutuwa a wasu ƙauyukan Anka da Bukkuyum, bayan amai da jijjiga da suma. Bincike ya nuna gubar dalma ce. Duwatsun da ake haƙowa don neman zinari suna ɗauke da dalma mai yawa, ana kawo su cikin gida, a daka a turmi, a niƙa a inji, a shanya a tsakar gida inda yara ke rarrafe. Kimanin yara 400 suka rasu, Allah Ya sa masu ceto ne. An fara kwashe gurɓatacciyar ƙasa a Dareta da 'Yargalma, sannan Abare, Sunke, Duza, Tungar Daji da Tungar Guru, aka zuba sabuwa. Bagega sai a 2013 aka yi nata. Dubban yara sun sha maganin fitar da gubar, asibitin Anka ya zama cibiyar aikin shekara da shekaru.

Amaryar nan tana 'yar shekara huɗu a lokacin. Ta ce tana tuna ƙarar injin, da ƙanenta da aka goya aka fita da shi ba a dawo da shi ba.

Me ya haɗa wannan da 'yan aikenmu? Ƙashi, 'yar'uwa, rumbu ne na sinadarin kalsiyam, kuma homon ne ke riƙe da mabuɗinsa. Ita dalma, jiki ba ya bambanta ta da kalsiyam, sai ya kwashe ta ya zuba a rumbu ɗaya. A jikin babba, fiye da kashi 90 cikin 100 na dalmar da ta zauna tana cikin ƙashi da haƙora ne, kuma tana iya shekaru gommai a can shiru. To mace tana da lokuta uku da ake buɗe rumbun nan sosai: watannin ƙarshe na ciki, lokacin da ake gina ƙashin jariri, da lokacin shayarwa, da bayan ɗaukewar al'ada in istirojin ya ja baya. Da an buɗe, dalma ta biyo kalsiyam zuwa jini, kuma mabiyiya ba ta tare ta. An tabbatar tana ƙara haɗarin hawan jinin masu ciki, da haihuwar ɗa mara nauyi, da taɓa ƙwaƙwalwar jariri, kuma an danganta ta da ɓari da jinkirin balagar 'yan mata.

Ban ce dalma ce ta jawo wa amaryata ɓari ba. Ɓarin farkon ciki abu ne da ke samun mata ko'ina a duniya, kuma ba kowace 'yar ƙauyukan nan ce ke ɗauke da abin da zai cutar ba. Abin da nake cewa shi ne, yaran da suka tsira a 2010 su ne amarenmu na yau, har da matan da suka yi dakan da hannunsu, wasu yanzu jini na ɗauke musu. Aure ya rarraba su zuwa Gummi, Nasarawar Burkullu, Gusau, Sakkwato, inda mai awon ciki ba za ta taɓa kawo zancen dalma a ranta ba in ba a faɗa mata ba.

Abin yi ba mai wuya ba ne. In rumbu ya ga abinci na shigowa ba ya yawan buɗuwa, don haka mai ciki da mai shayarwa su samu kalsiyam: nono da kindirmo, miyar kuka, zogale, riɗi, ƙananan kifin da ake ci da ƙashinsu. A ƙa'idar da Hukumar Lafiya ta Duniya ta fitar a 2021, ta ce a ba mai cikin da aka samu dalma a jininta ƙwayar kalsiyam. A sha maganin ƙarin jini, don mai ƙarancinsa ta fi tsotsar dalma. Kada a yaye yaro don tsoro, sai in likita ya auna ya ce a yi. A bar kwaɗayin farar ƙasa. Maigidan da ke zuwa haƙa ya yi wanka ya sauya tufafi kafin ya ɗauki yaro, dutse kuwa kada ya ƙetare ƙofar gida. Ke ma da kike Kano ko Maraɗi kada ki ce ba ruwanki: kwallin dutse mai ƙyalli da muke rambaɗa wa jarirai, an sha auna shi a samu mafi yawansa dalma ce.

Ita amaryar, na sa ta sayi ɗan littafi na rubutu. Ranar da jini ya zo, ranar da ya ɗauke, yawansa, launinsa. Na ce mata lissafi ɗaya ne zai yi mata aiki biyu, ta san sallarta, in ta je gaban likita kuma ba za ta tsaya tana "ina jin wajen tsakiyar watan jiya ne" ba. Ta riƙe abin da gaske, har ta fi ni tsari.

Makon jiya ta sake tsayawa bayan an tashi. Ta miƙo mini littafin ba ta ce komai ba. Shafi biyu na ƙarshe babu rubutu ko ɗaya, ita kuma ta ja hijabi ta rufe fuska.

Na ce, "Masha Allah, ƙanwata! Inna ta sani?"

Ta ce, "Ta sani, Malama. Ta ce a bari ya yi ƙwari tukuna kafin a fara awo."

Na ce ta gaishe mini da Inna, ta ce mata zan shigo da kaina ranar Alhamis mu yi magana. Sannan na karɓi biro na rubuta mata a bangon littafin abin da za ta fara faɗa wa ma'aikaciyar awo kafin a ɗaura mata abin awon jini: a Tungar Guru aka haife ni, ina can a shekarar 2010, kuma a gidanmu an niƙa dutse.